Wasiƙa daga Mancesta: Dagi da Ruwan Zafi

Ku yi mini afuwa, na kwana biyu ban rubuto ba. Wallahi ba mantuwa ba ce, kundin digirin nan ne ya sa ni a gaba, malamin da ke duba aikina kuma ba ya ɗaga ƙafa. Yau dai na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai na zauna na ba ku labarin da na daɗe ina riƙewa a ciki, labarin sana'ar da na yi a hunturun farkon shekarar 2025. Har yau Inna ba ta san ainihin aikin ba, abin da na gaya mata kawai shi ne ina taimaka wa wani kamfani. Don Allah wanda ya san ta kada ya kai mata.

Bari in fara da bayanin aikin. A nan Ingila in za a sayar da gida ko a ba da shi haya, dillalan gidaje sukan kafa allo a ƙofar gidan, mai ɗauke da sunan ofishinsu da lambar waya, an rubuta ko na sayarwa ne ko na haya. Ka ga akasin abin da muka saba ke nan. Mu a gida sai ka ga an rubuta a jikin bango da jan fenti cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, don tsoron 'yan damfara. Su kuma nan har doka suka yi wa allon: na gidan zama kada ya wuce rabin murabba'in mita, kuma in an gama ciniki a cire shi cikin kwana 14. Dillalan da kansu ba sa taɓa guduma, 'yan kwat da lakataya ne. Akwai ƙananan kamfanoni da aikinsu ke nan, su kafa, su canja rubutu, su tuge. A ɗaya daga cikinsu na samu aikin yaron mota. Direba yana tuƙi, ni ina sauke allo da sandar katako, in akwai bango ko ƙyauren shinge mu ɗaure a jiki, in babu kuwa sai a haƙa ƙasa.

Za ku ce me ya kai ɗalibin digiri na uku wannan wahala? Naira ce ta kai ni. Lokacin da na zo, a farkon 2023, fam ɗaya a farashin gwamnati bai kai naira 600 ba. A watan Yunin shekarar Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin Janairun 2025 fam ɗaya ya haura naira 1,800. Waɗanda suka ɗauki nauyin karatuna da naira suka yi lissafi, kuma a kan lissafinsu suka tsaya. Kuɗin da aka ware na shekara uku sai ya ƙare a shekara ɗaya da 'yan watanni. Bizar ɗalibi ta yarda mutum ya yi aikin awa 20 a mako, mafi ƙarancin albashi a lokacin kuwa fam 11.44 ne a awa. Wannan yana biyan ɗaki da abinci in ka iya tattali, amma ko kusa ba ya taɓa kuɗin makaranta.

Maigidana a aikin wani Bature ne ɗan asalin garin, ya ba hamsin baya, mai yawan shan shayi da ƙorafi a kan ƙwallo. Duk wanda ya gani aboki yake ce masa da yarensu. Ranar farko da ya kira ni haka na yi dariya, na ce masa ai ko a Legas sunana ke nan. Bai gane ba, ni kuma ban tsaya bayani ba.

A watan Nuwamba da Disamba aikin bai yi mini wuya ba, don garin Mancesta ruwan sama ya fi yawa, ƙasar kullum a jiƙe take. Ka ɗora sanda ka ba ta guduma huɗu ko biyar, shi ke nan ta zauna. To ana shiga sabuwar shekara sai gari ya juya. Dusar ƙanƙara ta sauko, har filin jirgin saman garin ya dakatar da sauka da tashi na 'yan sa'o'i fiye da sau ɗaya a cikin mako guda. Bayan dusar kuma sai sama ta washe, sanyi ya sauko tsagwaronsa. Rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna an yi magariba. Azahar da la'asar duk a bayan mota nake yin su, a kan kwali, alwala kuwa tun daga gida nake riƙe ta kamar kuɗin guzuri.

Ba na manta wata safiya a unguwar Levenshulme. Na ɗora sanda kamar yadda na saba, na ɗaga guduma na sauke, sai ji na yi kamar na doki daɓen siminti. Girgizar ta bi hannuna har cikin haƙora. Na ƙara, kan sandar ya tsage. Na ɗauko wata, ita ma ta dare gida biyu. Maigida yana cikin mota yana kallona ta madubi, sai da na fasa ta uku sannan ya fito ya buɗe bayan motar, ya jawo wani dogon ƙarfe mai tsini ya miƙo mini. Ina karɓa na ce a raina, ikon Allah, ai wannan dagi ne! Dagi sak irin na Baba, Allah ya jiƙansa, wanda yake jingine a bayan rumbu.

Jama'a, ni ɗan manomi ne, daga wani ƙauye a yankin Kadawa, ƙasar Garun Malam. Amma duk gidanmu an san ba wanda ya kai ni ƙin gona. In an ce gobe akwai noma, da daddare ciwon ciki yake kama ni. Na riƙe boko da hannu biyu ne don in tsere wa fartanya, ba don wani kishin ilimi ba, gara in faɗi gaskiya. Sai ga ni da shekara talatin da 'yan kai, a ƙasar da muka taso muna ce wa ƙasar Sarauniya, tsaye a ƙofar gidan wani da dagi a hannu, majina tana zuba. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai.

Da dagin ma ranar ƙarfi na sa. Na yi ta sara kamar mai faɗa da ƙasar, na samu na fasa ɗan rami na cusa sanduna, muka kafa allo tara. Bayan kwana goma da ƙanƙarar ta narke, biyar daga ciki sun karkace, ɗaya ma ya kwanta a kan furannin masu gida, sai da muka koma muka sake. Dalilin kuwa shi ne, ruwa in ya daskare yana kumbura, yana ƙara kusan kashi 9 cikin 100 na girmansa. Ruwan da ke cikin ƙasa sai ya ɗaga ta, ya riƙe ta tamau kamar dutse. Sandar da ka kafa a wannan ɓawon na sama, ƙanƙara ce ta riƙe maka ita, ranar da ta narke ƙasar ta zama taɓo sai ta sake ta. A Ingila kuwa daskarewar ba ta nisa, sau da yawa ba ta wuce tsawon yatsa ko tafin hannu. In ka huda ɓawon ka wuce, ƙasan yana nan da laushinsa, can ne sanda za ta kama. A hankali na gane cewa gindin shinge da jikin bangon gida sun fi sauƙi, haka wurin da dusa ta rufe, don dusar kamar bargo take wa ƙasa. Sai kuma a kula da inda bututun gas da wayar wuta suka bi, kada garin neman fam goma mutum ya tashi unguwa.

Abin da ya ba ni haushi da kaina shi ne, duk wannan na san shi tun ina yaro. Ƙasar rani a garinmu, wajen watan Maris, ba ta fi wannan laushi ba. In Baba zai kafa rumfa ko dirkar danga, ba ya fara sara. Da yamma zai sa mu ɗebo ruwa, ya ɗan ƙwarzane wurin, a zuba, a tafi a kwanta. Da asuba a ƙara. In hantsi ya yi sai ka ga dagi yana shiga kamar ana huda tuwo. In ya ga ina gaggawa sai ya ce, “Kai dai ba ka da haƙuri. Zafin nema ba ya kawo samu.”

A cikin wannan makon sanyin ne Yaya ya kira ni. Jami'a ta riga ta aiko mini da takarda cewa in ban biya bashin da ke kaina ba kafin ƙarshen zango za a rufe mini rajista, wanda aka rufe wa rajista kuwa bizarsa ma tana cikin haɗari. Na gaya wa Yaya ne don ya taya ni da addu'a. Ashe shi ya wuce nan. Ya ce sun zauna da Inna, sun yanke shawarar a sayar da gonar bakin kanal, har wani Alhaji mai shinkafa ya yi tayi. Wannan gona ita ce idon gonakin Baba, ruwan madatsar Tiga yana bi ta gefenta, ana noma ta rani da damina, shinkafa, tumatir, wani lokaci alkama. Tun rasuwar Baba ba a raba ta ba, mu takwas ne a kanta, mata biyar. Na ce, “Yaya, su Yaya mata fa?” Ya ce duk sun yarda. Inna ta karɓi wayar ta ce, “A sayar mana, ai ilimi ma gona ne.” Na ce su ba ni kwana biyu. Gaskiya a zuciyata na riga na karɓa, kunya ce kawai ta hana ni amsawa nan take.

Ranar Asabar 11 ga Janairu maigida ya ce za mu Bamingham, don yaran kamfanin na can aiki ya taru musu saboda dusa. Muka kama babbar hanyar M6 tun da duhu, tafiyar ba ta kai Kano zuwa Zariya ba. A rediyon mota aka ce daren jiya wani ƙauye a arewacin Sikotlan mai suna Altnaharra ya kai digiri 18.9 ƙasa da sifili. Namu agogon motar biyar ƙasa da sifili yake nunawa, na ce alhamdulillahi, ashe mu a inuwa muke. Muka sauka ta wata mahaɗar gadoji da ta nannaɗe kanta, su kansu Turawan taliya suke ce mata, muka shiga unguwar Alum Rock. Wanda bai taɓa zuwa ba, ya ɗauka Kantin Kwari ce aka ɗauko aka ajiye a cikin firji: shagunan yadi, mahauta, masallatai, mafi yawan mutanen 'yan asalin Pakistan.

Gida na huɗu a takardarmu yana wani layi a bayan babban titi. Allon sayarwa za a kafa. Filin gaban gidan bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Maigida ya duba ya ce a ɗaure a jikin ɗan gajeren bangon gaba a wuce. Kafin ya ɗauko na'urar huda sai ƙofa ta buɗe, wani dattijo ya fito da sanda, farin gemu, ya yafa bargo a kan doguwar riga. Ya ce kada a huda masa bango, da hannunsa ya gina shi. Na nufi gindin taga inda na san ƙasa za ta fi laushi, ya ce can ma a'a, wurin na'a-na'ar mai ɗakinsa ne, in bazara ta zo za ta tsiro. Ya nuna bakin ƙofar shiga, wurin da rana ba ta taɓawa sam. Maigida ya yi tsaki, ya ce zai je ya ɗaure wasu biyu a layin gaba, in yi abin da zan iya.

Na ɗaga dagi na yi bismilla na sauke, ya yi tsalle ya dawo. Dattijon ya ji bismillar, ya dube ni, ya yi mini sallama. Ya ce, “Ɗana, daga ina?” Na ce Najeriya, Baba. Ya ce in dakata. Ya shiga ciki, jim kaɗan sai ga shi da butar lantarki tana tururi. Ya sa na ƙwarzane wurin da tsinin dagi, ya tsiyaya ruwan a hankali, ya ce, “Yanzu sai mu jira.” Jama'a, tsigar jikina sai da ta tashi.

Buta uku muka zuba, tsakanin kowace da 'yar'uwarta muna tsaye muna shan shayi mai madara da citta, muna hira da Turancinmu na baƙi. Ya ce shi mutumin Mirpur ne, a yankin Kashmir na ɓangaren Pakistan. Yana saurayi aka gina madatsar Mangla a kan kogin Jhelum, aka gama a 1967. Ruwan ya cinye tsohon garin Mirpur da ɗaruruwan ƙauyuka, ya tashi mutum sama da 100,000. Gonar mahaifinsa tana ciki. Aka ba su diyya, da ita aka yi masa kuɗin jirgi ya zo Bamingham, ya shiga masana'antar narka ƙarfe, da niyyar shekara biyar ya koma. Ga shi har yau. A wannan gida ya aurar da 'ya'yansa, daga nan aka ɗauki gawar matarsa. Yanzu gwiwa ta ƙi hawa bene, babban ɗansa ya ce ya dawo wurinsa.

Ban san lokacin da na kwashe labarin gonarmu na gaya masa ba. Abin da ban iya gaya wa abokan zamana ba, sai ga shi ina gaya wa mutumin da ko sunansa ban tambaya ba. Na zaci zai ce kul, kada ka sayar. Bai ce ba. Ya ce shi ba zai ce ya yi asara ba, cikin jikokinsa akwai likita, akwai lauya, da yana can da wataƙila ba haka ba. Amma kuɗin diyyar, in ji shi, bai shekara biyu a hannun mahaifinsa ba. Ya ce lokacin sanyi in ruwan madatsar ya ja baya, kufan tsohon garin yana fitowa. Ya taɓa kai ɗansa, suka tsaya a cikin laka yana nuna masa inda gonar take, yaron yana ta duba agogo. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Mu ruwa ne ya ci tamu, ba wanda ya tambaye mu. Kai an tambaye ka.”

Na tuna cewa Tiga ma sai da ta tashi garuruwan wasu kafin ta shayar da tamu gonar. Ban taɓa tunanin inda waɗannan mutane suka ƙare ba sai ranar.

Bayan buta ta uku dagi ya fasa ɓawon. Ƙasar da ta fito ja ce, kamar jangargarin garinmu. Na zurfafa ramin sosai, na kwashe taɓon da ruwan zafin ya yi don kada ya sake daskarewa ya ture sandar, na ɗebo busasshiyar tsakuwa a mota na zuba. Dattijon ya jingine sandarsa ya riƙe mini katakon da hannu biyu ina dukansa, yana cewa in ɗan matsa dama, in ɗan matsa hagu. Ya ce a miƙe shi sosai, kada maƙwabta su ce gidan ma a karkace yake. Da muka gama ya ja baya ya daɗe yana kallon allon. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya shige ciki da butarsa.

Da daddare bayan isha'i na kira Yaya. Na ce, “Yaya, don Allah a bar maganar sayarwa.” Ya ce to da me za ka biya? Na ce a auna abin da zai zama rabona a ba da shi jingina, na sauran kada a taɓa. Ya yi shiru, sannan ya ce kuɗin jingina ba zai kai ko rabi ba. Na ce na sani. Daga baya ne ƙanwata ta gaya mini cewa ranar da aka tambaye su, kunyar Inna ce ta sa suka ce sun yarda, ɗaya daga cikin yayyena mata kwana ta yi tana kuka, don da buhunan da take samu a gonar take ciyar da marayunta. Ni ban sani ba, kuma da na amsa a ranar farko da har abada ba wanda zai gaya mini.

Sauran kuɗin da guntu-guntu aka haɗa. Na je ofishin kuɗi na jami'a na zauna na faɗi halin da nake ciki ba ɓoye-ɓoye, suka yarda in riƙa biya kashi-kashi. 'Yan'uwa ɗalibai da muke adashi da su suka bar mini ɗaukar farko. Na ci gaba da bin mota har bazara. Ba zan ce muku komai ya warware ba. A yanzu da nake rubutun nan wani ne yake noma rabona, kuma zai ci gaba har ranar da na mayar masa da kuɗinsa. Kundin bai ƙare ba, aikin da zan samu bayansa Allah kaɗai ya sani. Wani dare in na kwanta nakan yi lissafi har barci ya gudu. Amma gonar tana nan da sunan Baba, gambar da ya dasa a kan iyaka ba wanda ya tuge ta.

Gidan dattijon kuwa, maigida ya gaya mini an sayar kafin azumi ya ƙare, yaran can suka je suka cire allon. Ya ce sun yi ƙorafi wai da ƙyar ya tugu.

Masu shirin zuwa karatu ƙasar nan, ga 'yar shawara. Ku yi lissafin kuɗinku da fam, kada ku yi da naira. Ku zo da niyyar ba aikin da ya fi ƙarfinku in dai halal ne. Ku sayi safar ƙafa ta ulu da safar hannu biyu, siririya a ciki, mai kauri a waje. In kuma aka kira ku daga gida aka ce kowa ya yarda, ku bi kowa ɗaya bayan ɗaya ku ji daga bakinsa, musamman mata.

Ina roƙon addu'arku, Allah ya ba ni ikon fanso gonar nan Inna tana raye. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba dattijon nan lafiyar gwiwa. A gaida mutanen gida, a gaida yara. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.

Naku har kullum,
ɗan'uwanku mai neman ilimi a Mancesta.